Nicasio Faci da Wasan da Aradu Ta Katse

Duk wanda ya bi ta layin bayan tsohon injin rake a Santa Rufina da hantsi zai ga safar hannu guda bakwai na 'yan besbol rataye a igiyar shanyar gidan Nicasio Peguero, tsakanin zannuwan gado da rigunan makarantar 'ya'yansa mata. Shida suna jere kusa da juna. Ta bakwai tana can ƙarshe ita kaɗai. Ta fi sauran tsufa da ƙanƙanta, amma a wajenta ne igiyar ta fi lanƙwasa. Na daɗe da lura da haka, ban dai taɓa tambayar kowa ba.

Da su ne Nicasio yake fara yininsa. Yakan shanye gahawarsa a tsaye, ya sauko da su ɗaya bayan ɗaya, ya murza musu man kwakwa da tafin hannu yana yi musu hira. Ya ba wannan labarin kuɗin taki, ya tsokani wancan kan ƙwallon da ya bari ta wuce shekara goma sha biyar da suka wuce. Matarsa Casilda takan leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Ka gaishe min da mutanenka. Ka ce musu in ba za su biya hayar igiya ba, su matsa wa zannuwana."

"Sun ji ki. Sun ce waken jiya gishiri ya yi yawa."

"To yau su dafa da kansu."

Daga nan sai ya zuba su a buhun sukari, ya saɓa a kafaɗa, ya hau babur ya nufi fili.

A besbol, wasan da ake dukan ƙwallo da sanda, kowa da wurinsa. Akwai mai jifa, akwai mai cafewa da ke tsugune bayan mai bugu, akwai masu tsaron tashoshi, akwai masu jiran ƙwallo can bayan fili. Nicasio bai taɓa samun wurin kansa ba. Shekara ashirin da huɗu ya yi yana cin abinci da wasan nan, mafi yawansu a ƙungiyarmu ta 'Yan Adda, wasu daminun a ƙananan ƙungiyoyin Mexico da Nicaragua, kuma ko'ina aka kai shi aikinsa ɗaya ne: duk inda ƙungiya ta huje, shi ake liƙawa. Shi ya sa garin nan ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Faci ake ce masa, har Fada, limamin coci.

Waɗanda suka gani suna ba da labarin ranar da ya tsuguna yana cafewa zagaye goma sha ɗaya da karyayyen yatsa, yana kuma rera wa kowane mai bugu waƙar aurensa don ya ruɗa shi. Suna ba da labarin ranar da masu jifanmu huɗu suka ci kifin da ya kwana, shi ya hau tudun jifa, ya jefa ƙwallaye masu sanyi kamar ana miƙa wa jariri lemo, abokan karawa suka yi ta dukan iska saboda haushi. Ba a taɓa buga hotonsa a jarida shi kaɗai ba. In ka duba hotunan ƙungiya, yana can gefe, rabin fuska, yana yi wa na kusa da shi ƙaho da yatsu.

Sirrinsa kwaikwayo ne. Tun yana zaman benci ya koyi kowane wuri ta hanyar kallon mai shi, har yadda yake numfashi. Yana kwaikwayon tafiyar magajin gari, da tarin Fada, da kiran mai soyayyen rogo a ƙofar fili, har mutane su fito da kuɗinsu su tarar ba rogo. An taɓa korarsa daga wasa domin ya riga alƙali yanke hukunci da muryar alƙalin, mai bugu kuwa ya ajiye sanda ya tafi. Wannan duk abin dariya ne, kuma mun yi dariyar. Akwai wani kwaikwayon da ba a yi masa dariya.

Shekara ashirin da ɗaya da suka wuce, mai tsaron tasha ta uku a ƙungiyarmu shi ne Wenceslao Trinidad, wanda ake kira Chelao, ɗa tilo ga Mama Eufemia mai ɗinki. Wata Lahadi da la'asar muna karawa da Masuntan Boca Vieja. Rana na haske, hadari ɗan ƙarami ne can ta wajen teku. Aradu ta faɗo sau ɗaya, ta zaɓi tasha ta uku. Aka kwashi gawar Chelao, aka watse.

Safarsa ta kwana tara a inda ta faɗi. Mu dai muna yi wa mamaci addu'ar kwana tara, amma ba wanda ya ce a bar safa a fili. An rasa mai ɗauka ne kawai. Mai yankan ciyawa kewaye ta yake yi. Da ranar wasa ta gaba ta zo, manaja Don Fermín ya nemi wanda zai tsaya a wurin. Wani ya ce cikinsa ya ɓaci, wani ya ce mahaifiyarsa ta yi mafarki. Nicasio yana ƙarshen benci yana ɓare gyaɗa.

"Ni zan tsaya, Don Fermín. Aradu ba ta san sunana ba. Kai ma ba ka sani ba."

Ya taka har wurin, ya sunkuya ya ɗauki safar, ya zura hannu. Sai ya tofa yawu a tafinta, ya ja ƙafar hagu a ƙasa sau biyu, ya yi wani siririn fito. Chelao yana da wushirya, ta nan fitonsa yake fita. Haƙoran Nicasio a haɗe suke. Amma fiton nan kowa ya san shi. Masu ganga suka tsaya. Wata mata ta ja ɗanta ta fice. A layi na uku na 'yan kallo, Mama Eufemia da baƙin mayafinta ta miƙe ta ce, ba da ƙarfi ba, "Chelao." Nicasio ya juyo ya taɓa bakin hularsa da yatsa biyu, yadda ɗanta yake yi mata.

Ya sha rantse wa abokansa cewa bai shirya ba. "Wanda nake yi da gangan na san farkonsa, na san ƙarshensa," in ji shi. "Wannan ban san lokacin da ya shigo ba. Na dai ji kamar na sa rigar wani da ɗuminsa a ciki."

Daga ranar sai abin ya zama al'ada ba tare da an zauna an yanke ba. In ɗan wasanmu ya rasu, bayan kwana tara iyalinsa su kawo wa Faci safarsa a leda. Haka ta Bartolo ta zo, wanda babbar motar rake ta take. Haka ta Isidoro ta zo, wanda ya shiga kwalekwale zuwa Puerto Rico ba a ƙara jin duriyarsa ba. In an tura Nicasio wurin da ɗayansu yake tsayawa, da safar mutumin yake tafiya, tafiyar mutumin kuma yake yi. Matan mamatan da 'ya'yansu sukan zo su zauna shiru su kalla. Casilda ta taɓa ce min shekara ashirin tana auren mutum takwas da sadakin mutum ɗaya, kuma ba ta san wanne zai shigo da yamma ba sai ta ji takunsa.

Nicasio, kai ne ka ɗauki abin da gari guda ya kewaye kwana tara. Kai ne ba ka taɓa ce wa gwauruwa hannunka ya gaji ba.

Manajoji biyar aka yi bayan Don Fermín, kowanne ya tarar da doka guda da ba a rubuta ba: duk Lahadin da ake wasa a gida, zagayen ƙarshe Faci ne a tasha ta uku. Mama Eufemia ba ta taɓa fashi ba. Takan zo da kwanon dakakkiyar ayaba da albasa a rufe da tsumma, bayan wasa ta miƙa masa ta cikin wayar shinge, ta ce, "Ka rame, Chelao." Shi kuma ya karɓa da hannu biyu. Duk garin mun ɗauka tsufa da baƙin ciki sun taɓa ta, mun kuma yarda a bar ta a haka.

Bana gwiwarsa ta dama ta ƙare. Likita ya ce in ya ƙara kakar wasa ɗaya, sanda ce za ta raka shi coci har ƙarshen ransa. Aka sa ranar sallama. Abin da ya hana shi barci kuwa tsohuwar nan ce mai shekara tamanin da bakwai. In ya daina fitowa, ɗanta zai mutu mata karo na biyu.

Saura mako biyu ya yanke shawarar faɗa mata gaskiya. Ya tafi da rana tsaka, da safar a hannu, Casilda na biye da shi, ita ce kuma ta ba ni labarin. Sun tarar da tsohuwar a baranda ta jera kujeru uku ban da tata. Nicasio ya nufi ta kusa da ita.

"Ba nan ba. Wannan tasa ce."

Ya koma ta biyu. Ya share murya, ya yi magana da muryarsa ta ainihi, wadda ko Casilda ba kullum take ji ba.

"Mama, ni ne Nicasio, ɗan Brígida mai wanki."

"To da wa na ce kai ne? Ni na ɗinka maka wandonka na farko na makaranta, uwarka ta ce in bar wuri don kai mai ci ne."

"Amma Mama, kullum kina ce min..."

"Ba da kai nake ba. Kai kana karɓar kwano ne kawai, shi ba shi da hannun karɓa." Ta dubi kujerar da ba kowa, ta gyara mata matashi. "Kai kake kawo min shi. Duk inda safar nan take, nan yake iya zuwa, in hannu mai rai yana ciki. In ba haka ba yana can a wurinsa a tsaye."

Casilda ta ce iskar barandar ta tsaya cak, har kajin maƙwabta suka yi shiru.

"Mama, likita ya ce in daina."

"Na ji. Garin nan ba a ɓoye komai." Ta juyo gare shi a karo na farko. "An ce masa wasan ya ƙare ne? Kowa ya gudu ranar, ba wanda ya ce masa komai. Yaron nan ba ya barin wurinsa sai an fitar da mutum na ƙarshe, ni na haife shi. In ka daina, can zai tsaya cikin rana da ruwa. Ni kuma ƙafata ta kusa daina kai ni."

Ba ta roƙe shi komai ba. Ta zuba musu gahawa kofi uku, ta ajiye ɗaya a gaban kujerar da ba kowa.

Washegari Nicasio ya zo wurina. Ni nake riƙe da littattafan wasannin ƙungiya tun da na dawo daga jami'a, na gaje su daga Don Hipólito da idonsa ya daina gani. Nicasio bai tsokane ni ba ranar, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya ce in nemo masa littafin waccan shekarar. Muka buɗe shafin. Wasa na biyu ne na ranar Lahadi, wanda a gasarmu zagaye bakwai ake yi. Zagaye na bakwai, muna gaba da uku da biyu, an fitar da mutum biyu, saura ɗaya. Mai bugu Ruperto Sabino ne. Daga nan fensirin Don Hipólito ya ja wani dogon layi har ya fita daga takardar. Ba a rubuta sakamako ba. A ƙasan shafin, cikin 'yan canji masu zaman benci, ga sunan Peguero.

Dokar gasarmu ta ce wasan da aka katse ana ci gaba da shi daga daidai inda ya tsaya. Ba ta faɗi bayan kwana nawa ba.

Kwana goma ya yi yana yawo a babur da gwiwa a ɗaure. Ya zaƙulo 'yan wasan ranar ɗaya bayan ɗaya, wani a shagon aski, wani a gonar ayaba, wani sai da ya biyo jirgi daga New York. Ruperto ya fi ba shi wuya. Yanzu kifi yake sayarwa a Boca Vieja, kuma tun ranar bai ƙara riƙe sanda ba.

"Faci, ka haukace. Dubi tumbina. Ko ƙafata ba na gani."

"Ƙwallo za ka duba, mutumina. Da ma can ba ka taɓa ganinta ba."

"To in na zo, zan ɗan tura maka ita a hankali, ka ɗauka, a tashi."

"In ka yi haka na fasa maka kai da kwandon kifinka. Tsohuwar nan ta san ƙarya daga layi na uku. Shi ma ya sani. Ka buga kamar kana son ka ci mu."

Lahadin da ta wuce, kafin wasan sallama, aka fara da wancan wasan da aka katse. Tsofaffi suka fito cikin tsofaffin riguna da maɓallai ba sa rufuwa. Mutane suka fara dariya, suna kiran sunaye. Sai Nicasio ya shigo da buhunsa. Ya taka har bayan fili, ya ajiye safar Bartolo a kan ciyawa inda Bartolo yake tsayawa, ya ajiye ta Isidoro a nasa wurin, ya gyara musu zama suna fuskantar mai bugu. Ba a sa kowa a madadinsu ba. Dariyar ta mutu da kanta.

Don Fermín yana keken guragu a bakin fili. Alƙali ya zo ya tambaye shi wa zai maye gurbin Trinidad.

"Wancan mai ɓare gyaɗar. Yaya ma sunansa?"

Nicasio ya je tasha ta uku. Wannan karon ban ga lokacin da ya sa safar ba, fiton kawai na ji. Ƙarfe huɗu ne na yamma, rana tana nan, amma hasken ya yi wani ja-ja kamar ana kallonsa ta cikin kwalba. Tutocin saman rumfa suka zube a jikin sandunansu. Ba wanda ya ɗaga kai ya dubi sama, kowa kuma ya san dalili.

Mai jifanmu na ranar, Leoncio, furfura fat a kansa, ya jefa ta farko ta faɗi a ƙasa. Ta biyu ta wuce can gefe. Ruperto ya goge hannu a wando. Ta uku ta zo masa daidai, ya kai mata duka da duk tumbinsa. Ƙwallon ta tashi a ƙasa-ƙasa tana bin layin tasha ta uku, irin wadda ke wucewa kafin ido ya juya.

Mutumin da likita ya hana hawa matakala ya tashi sama a kwance. Ya faɗi a kan gwiwar nan ta dama, mun ji ƙararta daga rumfa. Ƙwallon tana cikin safa. Bai tashi ba, daga durƙuson ya jefa ta tasha ta ɗaya, ta isa alhali Ruperto, da ke gudu zuwa can, yana rabin hanya yana haki. Alƙali ya ɗaga hannu.

"Ya fita. Wasa ya ƙare."

Ya faɗe ta yana fuskantar tasha ta uku, ba kuma Nicasio yake kallo ba. Na rubuta uku da biyu a ƙarshen shafin Don Hipólito.

Ba a yi tafi ba. Mutum biyu suka zo za su ɗaga Nicasio, ya ɗaga musu hannu su dakata. Ya zare safar a hankali, yatsa bayan yatsa, ya miƙe da kansa. Tafiyar da ya yi zuwa rumfa ta wani mutum ce ɗan shekara arba'in da uku mai ɗingishi, wanda da yawanmu ranar muka fara gani.

Nicasio Peguero, ba mu da abin ba ka sai godiya, ita ma ta makara. Mun gode da shekara ashirin da huɗu da ka yi kana tsayawa inda aka rasa mai tsayawa. Mun gode da dariyar, mun gode da abin da ba dariya ba. Kai ne ka ara wa matattunmu ƙafafunka har naka suka ƙare, ba ka taɓa neman a rubuta sunanka a bango ba. Ga 'yan wasanmu na yanzu da kowa ke neman wurin da kyamara take haskawa, ga sauranmu da muke aiki a makaranta da asibiti da injin rake: a kowane wuri akwai abin da aka bari a ƙasa kowa yana kewayewa. Wani ya sunkuya ya ɗauka, yadda mutumin nan ya yi.

Nicasio ya hau matakala uku zuwa inda Mama Eufemia take, yana dafa kafaɗun mutane. Ya ɗora mata safar a cinya. Ba ta dube shi ba. Idonta yana kan fili, yana bin wani abu da ya taso daga tasha ta uku, ya ratsa ciyawa ba gaggawa, ya shigo ta ƙaramar ƙofar waya, ya hau matakalar nan uku. Mutanen da ke layin suka janye gwiwoyinsu ba tare da sun san me ya sa ba. Tsohuwar ta sa safar a ƙarƙashin mayafi, ta miƙe. Jikar ƙanwarta ta miƙo mata sandarta, ta ƙi karɓa. Ta ɗan ɗaga gwiwar hannunta na hagu, yadda mace ke yi in namiji zai riƙe ta su tsallaka titi, ta sauka a hankali, ta bi ta babbar ƙofa ta fita.